Wa Ke Shafa wa Amaq Rianim Goshi

A garinmu Sembalun ba a hawa dutsen Rinjani da farin goshi. Ko da ka je birnin Mataram ka yi karatu ka dawo da gemu kana cewa bidi'a ce, ranar da za ka ɗauki kwando uwarka ko matarka za ta tare ka a bakin ƙofa. Za ta tauna ganyen sirih da goronsa da 'yar farar ƙasa har abin ya yi ja, ta dangwala da babban yatsa, ta ja maka layi daga tsakanin gira zuwa sama. Shi ne sembeq. Ma'anarsa ba ta da tsawo: akwai mai jiran ka. Shi ya sa mutum ba ya yi wa kansa.

Amaq Rianim shekara talatin da huɗu yatsa ɗaya ne ke taɓa goshinsa.

Sunansa na yanka Nurtim, amma ban da ni da tsofaffi biyu ko uku ba na jin akwai mai tunawa. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar ya fara dako a dutsen, tun kafin Turawa su san hanya. A lokacin marasa lafiya yake ɗaukar wa shinkafa da tukwane, masu zuwa su yi mako suna jiƙa jiki a ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa bayan tafkin da ke can cikin dutsen. Da ya tashi aure ya sato yarinyarsa kamar yadda al'ada ta ce, ko da yake kowa ya san ita ta sa ranar, ita kuma ta nuna masa katangar da ta fi sauƙin tsallakewa. Suka haifi 'ya ɗaya, Rianim, daga nan shi da matar suka rasa sunayensu: shi ya zama Amaq Rianim, wato baban Rianim, ita Inaq Rianim, wato uwar Rianim. Yarinyar ta girma, ta yi aure, ta bi mijinta gonakin kwakwar manja a Kalimantan. Tana kira ranar Sallah, in layi ya yarda.

Ni Jumadil a ƙarƙashinsa na koyi aiki. Yanzu ɗan jagora ne ni, saboda na tsinci Turanci a bakin baƙi, ina tafiya da 'yar jaka da takalmi mai igiya. Shi kuwa har yau sandar gora ce a kafaɗa, kwando gaba kwando baya, da silifa. Wani Bajamushe ya taɓa ba shi takalmin hawa mai tsada. Ya yi godiya sosai, ya kai gida, kaza ta yi ƙwai a ciki.

Wanda bai yi dako ba yana zaton aikin taro ne. Ba haka ba ne. Ɗan dako shi ne na ƙarshen tashi, shi ne na farkon isa. Baƙi su karya su wuce, shi ya tsaya ya wanke kwanuka, ya naɗe tanti, ya ɗaure kaya. Sannan ya bi su, ya wuce su a hanya da "sannunku" guda ɗaya, ya isa zango ya kafa tanti, ya dafa shayi ya soya ayaba kafin su iso suna haki suna ɗaukar hoto. Yini guda yana tafe ba ya tare da kowa. Ya hau dutsen nan ya fi sau dubu, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙololuwa ba, domin dole wani ya zauna ya tsare tanti kada birai su kwashe burodi. Na taɓa ce masa ya zo mu je, ko sau ɗaya.

"In ɗauko me?" ya ce.

Inaq Rianim ta rasu da damina, lokacin da aka rufe dutsen. Ciwon kwana tara. Rianim ta iso an riga an binne, ta yi mako biyu ta koma. Da watan buɗe hanya ya matso, mu da muke aiki da shi muka fara magana ƙasa-ƙasa. Mun san shi. Ba zai hau ba sembeq ba ko da za a ɗaure shi a ja. Mun kuma san in aka raba shi da dutsen nan, to an gama da shi, don ba shi da gona, ba ya zaman majalisa, ba ya kallon ƙwallo. To wa zai shafa masa?

Ranar fita ta farko muna ɗaure kaya a bakin hanya sai ga shi da sandarsa, da jan layi raɗau a goshi.

"A'a, Baba," in ji Murdi, wani ɗan dako da bakinsa ba ya rufuwa ko a kan tudu. "Ashe an riga mu. Mu muna nan muna ta tausayi, kai kana can ana tauna maka."

"Ɗaure kwandonka, ƙwai za su zube."

"Inaq Kesum ce ko? Na ga tana ƙara maka tumatir."

"Kai ma da kana gaishe ta da ta ƙara maka."

Inaq Kesum bazawara ce mai sayar da kayan miya. Da maganar ta kai mata ta rantse, ta zagi Murdi har kakansa, mu kuwa muka ce zafin rantsuwar ma shaida ce. Amaq Rianim kuwa bai ce e ba, bai ce a'a ba. Duk fita yana zuwa da jansa, kullum a ɗan karkace zuwa hagu, har Murdi ya ce matar da ƙaramin ido take aiki.

Zan faɗi gaskiya, daɗi muka ji. Nauyi aka sauke mana. Matata ta daina aika masa da kwanon abinci, wai kada mu shiga tsakani. Ni ma na daina leƙawa da yamma, ina ce wa kaina tsoho yana bukatar sirri. A masallaci a gaisa, a yi masa murmushin mun-san-komai, kowa ya kama gabansa. Haka muka yi shekara biyu.

Abin ya fito ne a bakin tafki, safiyar kwana na uku na wata tafiya. Baƙi huɗu ne, cikinsu da wata 'yar Holan mai suna Femke, ita kaɗai ta zo. Jiya ta hau ƙololuwa ta sauko har tafki, ƙafafunta sun mutu. Da gari ya waye hazo ya ɗaga daga kan ruwa, ta ɗaga kai ta ga bangon dutsen da za a hau kafin a fita ta garin Senaru, sai ta zauna a kan buhun tanti ta fara kuka. Na yi Turancina duka, bai yi amfani ba.

Amaq Rianim ya ajiye tukunyar da yake kankarewa. Ya zaro wani ƙullin tsumma daga ƙugunsa ya kwance a kan dutse. Haƙoransa sun daɗe da ƙarewa, don haka da ɗan turmin ƙarfe yake daka ganyen. Ya daka, ya dangwala, ya ja mata layi a goshi, miƙaƙƙe sarai. Ta tambaye ni mene ne. Na ce alama ce akwai mai jiran ta. Ta yi 'yar dariya cikin hawaye ta ce ba wanda ke jiran ta ko'ina.

"Me ta ce?"

Na gaya masa.

"Ce mata zan riga ta isa sama. Zan dafa shayi in zauna. Ba zan sha ba sai ta zo."

Ta tashi. Amma ni idona ba a kanta yake ba, yana kan tsumman. Ban da turmi da ganye, akwai ɓallen madubin babur, gefensa duk shatin jan yatsa, sabo a kan tsoho. Sai na tuna shekaranjiya, a zangon farko, da ya miƙo mini kofi: babban yatsansa na dama ja ne har ƙarƙashin farce. Kullum haka yake ranar fita. Shekara biyu muna kallon goshinsa muna dariya, ba wanda ya kalli hannunsa.

Na ce wa baƙin su fara gaba da Murdi, ina zuwa. Na kama bakin tanti ɗaya, shi ya kama ɗaya, muna naɗewa.

"Baba, wa ke shafa maka?"

"Ja sosai, ka bar iska a ciki."

"Na ga madubin."

Ya ci gaba da naɗi har hannuwanmu suka haɗu. Can tsakiyar tafki wani ƙaramin dutse mai aman wuta yana fitar da hayaƙinsa, wasu masunta biyu daga nesa suna jefa fatsa.

"Ranar farko na fita zan je wurin mai magani ya yi mini," ya ce. "Na kai ƙofarsa. Sai na ga ba na iya buɗe baki in ce, ni Amaq Rianim, duk garin nan ba ni da mai taɓa mini goshi. Na juyo."

"Ai da ka zo gidana."

"Ka taɓa ganin an yi roƙon sembeq?"

Ban taɓa gani ba, sai na ce:

"Amma ka san na kai da kai ba ya—"

"Na sani. Kana tsammanin dutsen bai sani ba? Ba don shi nake yi ba, don ku nake yi. Don ku bar kallona kamar maraya." Ya ɗaure igiyar da ƙarfi. "Duk hawan da na yi tun da ta tafi, da tsoro nake yi, Jumadil. Duk inda tsakuwa ta zame sai in ce to, yau ne, kuma ba wanda zai ce yamma ta yi bai dawo ba. Wuce ka bi baƙinka. Kuma in Murdi ya ji, zan san bakin wa ya yoyo."

Kunya ta hana ni cin abinci ranar. A sama kuwa mun tarar da shi zaune, shayi ya huce a gabansa, bai taɓa ba sai da Femke ta iso.

Fita ta gaba bayan kwana shida ce. Ana idar da sallar asuba na nufi gidansa da ganye a aljihu. Na same shi a rumfar tsakar gida ya riga ya shimfiɗa tsumman. Na cusa ganyen a baki. Ni ban taɓa taunawa ba. Farar ƙasar ta ƙona mini harshe, kaina ya fara juyawa, hawaye na zuba.

"Ka cika farar ƙasa, sakarai. Haka uwarka ta koya maka?"

Na dangwala, na kama haɓarsa da hagu, na ja layin. Ya rufe ido. Ya daɗe bai buɗe ba.

"Yatsanka da ɗumi," ya ce. "Na manta haka yake."

Sannan ya buɗe ido ya kalli jakata da takalmina mai igiya, ya girgiza kai.

"Allah Ya yi maka albarka. Amma aikin banza ka yi. Tare za mu hau."

"Ai kai ma ka yi wa baturiya kuna tare."

"Ita na riga ta isa na jira ta. Kai kullum kana bayan Turawa kana lallashi, ni ke jiran ka."

Ya fara laluben madubinsa. Na tsaya ina kallon hannun nan yana lalube, sai na ji ba zan iya ba. Na kwance takalmina, na ce ni zan zauna in jira shi. Na kira wani abokin aikina na ce ya karɓi baƙin, wai ba ni da lafiya. Amaq Rianim ya kalle ni. Ya ɗauki sandarsa.

"Kaji sau biyu ake ba su," ya ce daga bakin ƙofa. "Baƙar tana cizo."

Kwana uku na yi a gidan nan, da rana dai, don matata ta ce in na kwana can in zauna can. Ban san shiru yana da nauyi ba sai a lokacin. Kofi biyu a kan shiryayye, ɗaya ya yi ƙura. Zanen Inaq Rianim yana rataye a ƙusa inda ta bar shi. Murhun ɗakin girki a sanyaye, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa, ashe tun da ta rasu a ɗan rishonsa na hawan dutse yake dafa taliya a rumfa. A kwana ukun nan ba wanda ya yi sallama, ko mai neman aron wuta. Gidana yana bayan gonar tafarnuwa biyu daga nan.

Rana ta uku da la'asar na share murhun, na hura itace, na ɗora ruwa. Na san lokacin da motar ke sauke 'yan dako a bakin titi, na san kuma minti nawa ne daga can zuwa gida ta cikin gonaki. Itacen ɗanye ne, hayaƙi ya yi ta fita ta rufin.

Ina durƙushe ina fifita wuta sai na ji muryarsa daga can ƙasan hanya, da ƙarfi, irin muryar da na sani tun ina yaro:

"Inaq Rianim! Ɗora ruwa!"

Hayaƙin ya gani.

Daga nan ban ƙara jin komai ba. Na leƙa ta tsagar bango. Yana tsaye a tsakiyar hanya, sanda a kafaɗa, kwanduna na lilo, yana kallon rufin gidansa. Bai matso ba, bai kuma sauke kayan ba. Jan goshinsa gumi da alwala sun daɗe da wanke shi.

Ban san abin da ake cewa a irin wannan wuri ba. Na fito bakin ƙofa da mafici a hannu, idona na yaji saboda hayaƙi.

"An ɗora, Baba," na ce. "Sannu da dawowa."

Ya sauke ido ya dube ni, ya gyaɗa kai a hankali. Sannan ya gyara sandar a kafaɗarsa ya ƙaraso.