Dabinon Cikin Duro

Kulu taubashiyata ce, 'yar ƙanwar babana, don haka duk abin da na faɗa a kanta ba mai kai ni ƙara. Tun muna yara nake ce mata baiwata, ita kuma ta ce bawa dai ni ne, Ya'u mai kan tulu. A ƙauyenmu na gefen Mai'adua, yau in ka ce Kulu sai a tambaye ka, "Mai dabino?" Da kuwa Kulu Mai Bokitai ake ce mata, kuma ba don yabo ba.

Abin ya samo asali ne daga mijinta, Malam Abdulbaƙi, mutum mai sanyin hali da ke sayar da awaki a kasuwa. A azuminsa na ƙarshe yana kwance ba lafiya, masu dubiya suka kawo masa dabino. Da aka kira sallar magariba sai ya zaɓi guda mai laushi ya miƙa mata ta sha ruwa da shi. Ta ci, amma ba ta yar da ƙwallon ba, ta ƙulle shi a bakin zane. Bayan salla da 'yan kwanaki Allah ya karɓi abinsa. Da ta fita takaba, sai ta samo wani fasasshen bokiti, ta cika shi da ƙasa da takin awaki, ta tura ƙwallon ciki.

Na je gaishe ta na tarar tana zuba wa bokiti ruwa. Na ce, "Baiwata, me aka dafa a nan?" Ta ce in kama gabana. Aka daɗe ba labari, har na fara tausayinta, sai ga wani ɗan kore ya leƙo, siriri kamar tsinken tsintsiya. Ranar na ga haƙoran Kulu, abin da rabona da gani tun kafin rasuwar.

Daga nan ciwon ya kama ta. Duk gidan suna ko ɗaurin aure da aka raba dabino, mata na tauna suna tofar da ƙwallo, Kulu na bi tana tsincewa. Tsakar gidanta ya cika da bokitai, da gwangwanayen fenti, da tsohuwar tukunya, har da wata buta da aka yanke wa kai. Ta huda gindin kowanne don kada ruwa ya kwanta. Ta gane cewa saiwar dabino ƙasa take nufa kai tsaye, saboda haka mazubi mai zurfi take so, ba mai faɗi ba. Awaki kuwa sun sha zagi a gidan nan, har sai da ta kewaye bokitan da ƙayar aduwa. Na farkon, na Malam, da ya fi ƙarfin bokitinsa sai ta mayar da shi cikin rabin duro a kusa da rijiya.

Wata shekara aka yi sanyin da ko tsofaffi sai da suka yi maganarsa. Ruwan randa ya gagari hannu, gwandar maƙwabta ta yi yaushi ta zubar da ganye, kaji suka taru a gindin murhu. Kulu ta tashi hankalinta, ta kwashe tsofaffin buhuna da tabarmi ta lulluɓe tsirranta, ita kuma tana rawar ɗari da mayafi ɗaya. Buhunan ba su isa ba, wasu suka kwana a buɗe. Da sanyin ya wuce, waɗanda aka rufe da waɗanda ba a rufe ba duk tsaye suke, kore shar. Tun daga ranar ta daina rufe su. Ta ce da ni, "Ashe ni kaɗai ce raguwa a gidan nan."

Da suka yi ƙwari, sai ta roƙi ƙanin mijinta, Kalilu, wanda garkar gidansu take hannunsa, ya ba ta gefen da ke bakin ruwa ta dasa. Kalilu ba mugu ba ne, mutum ne dai mai son ya ga abin da ya shuka a cikin buhu kafin damina ta zagayo. Ya ba ta, don kunyar yayansa. A babur ɗina muka yi ta jigilar su, ina tuƙi ganye na tsokane mini ƙeya. Na cikin duro ne kaɗai bai je ba. Da muka zo ɗaga shi ya ƙi motsi, ashe saiwarsa ta fasa gindin duron ta shige ƙasa. Kulu ta ce a bar shi, dama Malam ba mai son fita ba ne.

Shekaru suka tafi. Ta ɗebi ruwa, ta yi kaftu, ta datse busassun ganyaye, ƙayar dabino ta soke ta har hannayenta suka koma kamar na mai sassaƙa. Sannan wani lokacin sanyi suka fara fure. A nan ne aka yi ɓarnar da har yau in na tuna raina ke ɓaci.

Mu a wajenmu gwanda muka sani. In gwanda ta fito namiji, fure kawai take yi ba 'ya'ya, sai a ɗaura mata tsohon zane a kunyata ta ko ta haihu. In ta ƙi, a sa adda. To, cikin dabinon Kulu ma sai aka ga wasu na fitar da farin fure mai gari, ya bushe ya zube, shi ke nan. Tsofaffin mata suka ce maza ne, a ɗaura musu zane. Aka ɗaura. Suka tsaya cikin garka da tsummokara a ƙugu, masu wucewa na dariya. Da shekara ta zagayo ba su haihu ba, Kalilu ya sa gatari ya kwantar da su duka, ya ce ba zai shayar da ƙattin banza ba. Ba wanda ya ga laifinsa. Kulu ta yi kuka, amma ita ma ba ta da hujjar hanawa.

Matan da suka rage kuwa sai suka yi ta ba mu kunya. Kowace shekara su yi fure, su ɗaura 'ya'ya ƙanana, sai yawanci su kakkaɓe tun suna kore. 'Yan da suka tsaya ba ƙwallo, ba zaƙi, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Mutane suka yanke hukunci cewa ƙasar Daura ba ta dabino ba ce, a bar wa mutanen Nijar kayansu.

Rannan Kalilu ya zo gidan da yamma, ina nan ina shan fura. Ya zauna a bakin rijiya ya ce, "Yaya Kulu, na yi haƙuri iya haƙuri. Wurin nan shi ya fi ko'ina ruwa, ga iyali na ƙaruwa. In wannan furen ma ya zube, zan sare su in sa albasa." Ya ɗaga kai ya dubi na cikin duro, wanda shi ma ya daɗe da nuna cewa namiji ne. "Wannan ma da kin bari na rage miki shi, ya tsare miki wurin shanya."

Kulu ta ajiye ludayin da ke hannunta. Ta ce, "Na garka, garkarku ce, ba ni da ta cewa. Wannan kuwa, Kalilu, sai dai ka fara da ni."

Ya tashi ya tafi ba sallama mai daɗi. Ni kaina na san aikin shekarunta ne ke shirin zama itacen girki, kuma ban ga mafita ba. Ko tsokanarta ban iya yi ba ranar.

Ranar kasuwar Mai'adua na ɗauke ta a babur ta je sayar da kuka da daddawa. Kusa da inda ta baza kayanta akwai wata dattijuwa, Hadijatu, da ke shigowa ta Kongolam da buhunan dabino daga can cikin Nijar. Kulu ta kwance bakin zanenta ta nuna mata 'yan busassun 'ya'yan bara, ta ce, "Inna, ku da kuka san abin nan, wace cuta ce wannan?"

Hadijatu ta murza ɗaya a yatsa ta fasa. Ta ce, "Ba cuta ba ce, ɗiyata. Ba a yi musu aure ba. Ina mazan?"

Kulu ta ce, "An sare."

Matar nan ta saki salati har masu awon gero suka waiwayo. "Kun sare? To da wa za su haihu?" Da Kulu ta ba ta labarin zanen da aka ɗaura musu, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta goge ido ta yi bayani. A garinsu, in ji ta, namiji guda ya ishi garka, kuma ba a barin aikin ga iska. In kwanson furen namiji ya tsage, a yanko shi, a tsattsaga shi sili-sili. In na mace ya buɗe, kada a bari ya kwana biyu, a soka silin namijin a tsakiyarsa a kife, a ɗaure da ganye sako-sako. Ta ce, "Ko ɗaya bai rage ba?"

Kulu ta juyo ta dube ni, na dube ta. Ta tattara kuka da daddawar da ko rabi ba ta sayar ba ta ce, "Bawana, tayar da babur."

Sanyi ya shigo sosai kafin kwanson ya tsage. Kullum da safe tana gindin duro tana leƙe, kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe. Ranar da ya buɗe, ta yanko shi ta shimfiɗa a faifai, garin na tashi fari, da wani ƙamshi kamar na ƙullun da ya kwana. Ta aza faifan a ka, ta sa na ɗauko mata turmi, muka nufi garka. Bishiyoyin ba su yi tsawon da za a hau ba, amma sun fi ƙarfin tsayuwarta. Ta kife turmin ta hau, mace mai jikoki, ta kutsa hannu cikin ƙaya tana soka sili tana ɗaurewa. Masu ban ruwan albasa suka bar aikinsu suka zo kallo. Wani ya ce yanzu kuma laya ake ɗaura musu, tun da zane bai yi ba. Na ce masa ɗaurin aure ake yi, in bai zo da goro ba ya matsa.

Haka ta yi ta zarya har furen ya ƙare, don ba rana ɗaya suke buɗewa ba. Wata guda a can ƙarshen layi ta bar ta da gangan ba ta sa mata komai ba. Na tambaye ta dalili, ta ce tana so Kalilu ya gani da idonsa, ba da bakinta ba.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Ta ƙarshen layin ta zubar da 'ya'yanta kamar yadda ta saba. Sauran kuwa suka riƙe. Suka yi ta kumbura, nonnan, wato gungun 'ya'yan, suka yi nauyi har sai da ta tokare su da itace mai baki biyu. Daga kore suka koma rawaya, wata bishiyar kuma ja. Ta ɗinke tsofaffin gidajen sauro ta rufe su saboda tsuntsaye da jemagu. Mutanen da suka ce ƙasarmu ba ta dabino ba ce suka fara biyowa ta garkar, wai hanya ce ta kawo su. Wallahi na ji daɗi, na kuma rama mata da baki iya son raina.

A shekarar azumi ya faɗo a bakin damina, daidai lokacin da suka fara laushi. Wata yamma ta aika a kira Kalilu ya sha ruwa a gidanta, ni kuwa ba a gayyace ni ba amma na je. Ya shigo yana sunkuyar da kai, ya zauna a inda ya zauna wancan karon, a bakin rijiya, ƙarƙashin na cikin duro. Ya fara cewa, "Yaya, ni fa ban sani ba..." Ta ce, "Ba wanda ya sani. Bari a kira salla."

Da ladan ya ɗaga murya, ta buɗe ƙwarya. Ba ta miƙa masa duka ba. Ta sa yatsa ta zaɓi guda mai laushi ta ba shi. Ya yi bismilla ya ci, ya daɗe yana taunawa, sannan ya fito da ƙwallon ya riƙe a tafin hannu yana kallo.

Ta nuna bishiyar da ke kansa ta ce, "Ka san daga ina wannan ya fito? Dabinon da yayanka ya ba ni na sha ruwa ne, a azuminsa na ƙarshe. Duk 'ya'yan dabinon da ka gani a garka, shi ne ubansu."

Kalilu ya ɗaga kai ya dubi ganyen, ya dubi tsatsar duron da saiwa ta fasa. Idonsa ya kawo ruwa, nawa ma haka, na fake da cewa hayaƙin murhu ne. Bai yar da ƙwallon ba. Ya jefa shi a aljihun gaban rigarsa, ya share murya ya ce, "Yaya Kulu, ko akwai sauran bokitin da ba kya amfani da shi?"