Mahauci ya tafi da lambobin almakashi

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan nan, da hantsi, matarka ta kira ofis ta ce ka yanke jiki ka faɗi kana ɗaura takalmi, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Daga Allah muke, kuma can za mu koma. Yau kwana tara ke nan, kuma wallahi, Mahauci, ina kewarka ina kuma jin haushinka, na rasa wanda ya fi.

Ga wanda bai san mu ba, hannun roba muke ƙera wa waɗanda suka rasa nasu. Kafin na'ura ta ƙera mana hannu sai mun gwada shi a kwamfuta, mu ga ko zai riƙe kofi ko mabuɗi. Ita kuwa kwamfuta ba ta lissafa inda yatsa ya taɓa abu da sauri sai an yanyanka mata siffar abin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa dunƙulalliya, ba rami ba lotsawa. Yankan nan shi ne aikinka shekara shida, daga nan sunan ya bi ka. Da manhajar kyauta kake yi, irin wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Lambobi ake juyawa: gunduwa nawa, lotsawa nawa za a yafe, awo ya yi ƙanƙanta kamar yaya. In gunduwoyin sun yi kaɗan, ramin abu ya toshe. In sun yi yawa, kwamfuta ta kama rarrafe.

Kai ka koya mini. Ranar da na yanka kofi ɗaya gida ɗari huɗu, ka leƙo ta kafaɗata ka ce, “Ƙanwata, wannan ai niƙa kika yi, ba yanka ba.” Ka jawo kujera, ka bar abincinka ya huce, har sai da muka dawo da shi sha biyu. Haka kake da baƙin da ke tambaya a zauren manhajar na intanet, mutanen da ba ka taɓa ganin fuskarsu ba: kowa sai ka amsa masa dalla-dalla. Amma ka ɗauki biro ka rubuta naka lambobin? Haba! Sau nawa na faɗa maka? Kullum sai ka buga goshi da yatsa ka ce suna nan.

Sai ga tela, baiwar Allah da ta rasa hannun dama a haɗarin mota. Ba ta nemi komai ba sai hannun da zai riƙe almakashi, ta koma shagonta. Ta bar mana almakashinta muka ɗauki siffarsa. Mako uku kana fama da ramukan nan biyu da ake sa yatsu: ka buɗe na babban yatsa, ɗayan ya toshe; ka buɗe duka biyun, kwamfuta ta daskare. Ranar Litinin da la'asar ka daki tebur ka kira ni. Na gani da idona, yatsun sun shiga, almakashi na buɗewa yana rufewa sumul. Na miƙo maka takarda. Ka ce gobe. Ka san sarai manhajar nan ba ta ajiye lambobi in an rufe ta, shi ya sa ka bar kwamfutar a kunne, ka manna 'yar takarda a jikinta: kada a kashe. Ranar kai da kanka ka rufe ofis, ka bar wuta a kunne.

Na faɗa wa kowa wuta ce ta ɗauke, kwamfutar ta mutu, lambobin suka tafi. Ƙarya na yi. Da labari ya zo muka fita a ruɗe, ni ce ta ƙarshe, na kai hannu na sauke babban makunni na bakin ƙofa kamar yadda nake yi kowace ranar Allah. Sai a gidanka, ina zaune kusa da matarka, abin ya faɗo mini.

Tun daga ranar nake juya lambobi. Na gwada sama da ɗari, duk na rubuta su, ga littafi nan ya kusa cika. Mafi kyawun da na samu, babban yatsa ya shiga amma ya maƙale. Har jifa na yi da biro, na zage ka, na dawo na yi istigfari.

Jiya tela ta zo yi mana gaisuwa. Ita kaɗai na faɗa wa gaskiya. Ta ce, “Ba komai, 'yar'uwa. Na fara koyon yanka da hagu. Yadi biyu na mutane na ɓata, amma zan iya.” Ta ɗauki almakashinta daga kan teburinka, ta sa a jaka. Na ce ta ƙara mini mako guda. Ta ce Allah ya ji ƙan Mahauci, ta fita.

Allah ya ji ƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya sa duk hannun da ya riƙe cokali ta dalilinka ya zame maka shaida. Allah ya ba matarka da 'ya'yanka da mahaifiyarka juriyar wannan rashi. Na yafe maka rashin rubutun. Ni kuma ka yafe mini, don ni na kashe.