Motar da Muhuyi Ya Yanke wa Kuɗi

Muhuyi dillalin motoci ne a Zongon Kwatano, amma da raguna ya fara. A hannun ubansa ya koyi buɗe bakin rago a duba haƙori, a laluba gadon baya a san kitse. Da aka yi babban taron ƙasa aka sauya mulki, jiragen ruwa suka fara sauke tsofaffin motocin Turai ba ji ba gani, sai ya bar turke ya koma wajen ƙarfe. Aikin nasa bai canja ba. Motar ma zagaya ta yake yi, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya sa yatsa a bakin salansa ya shinshina, sannan ya faɗi kuɗi sau ɗaya. Tuƙi kuwa bai taɓa koya ba. Zemijan, wato ɗan acaɓa, ke kai shi ko'ina, da babbar rigarsa a tattare bisa cinya.

Shagon tayata na kallon bencin mai shayin da yake zama, don haka na san shi yadda maƙwabci ke sanin maƙwabci. Ba mai kuɗi ba ne, kuma ba mai fara'a ba ne. Bakinsa shi ne jarinsa. In mai saye da mai sayarwa suka yi ta ja-in-ja har rana ta yi tsaka, da wani ya ce "Muhuyi ya ce kaza", sai a tafa a tashi.

Yana da wata ƙa'ida da ya gada: ba ya tambayar mai saye abin da zai yi da kaya. Ubansa ya ce rago na layya ne, ko na suna, ko na kai wa wata kasuwa, wannan cikin mai shi ne, dillali ba ya leƙa cikin mutane. Su ma 'yan kasuwa suna da tasu: ba a gaya wa dillali wanda za a sayar wa, don gobe kada ya tsallake ka ya je da kansa. Kowa na riƙe da tasa, ana zaune lafiya.

A shekarar da aka karya darajar sefa, Alhaji Boureima ya zo bencin. Mutumin Nijar ne, yana da rumfar atamfa a kasuwar Dantokpa, da baki kamar reza.

"Malam Muhuyi, akwai wata 'yar mota a unguwar Gbégamey. Taso ka gano min ita."

"Wace iri?"

"Tsohuwar Fijo ce, mai tuɓe hula."

Aka ce in biyo su in duba tayoyi, na bi.

Motar na cikin wani gida, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ƙofa biyu gare ta, doguwar gaba, da rufin tamfol da ake naɗe shi baya a zauna a fili kamar a kan jaki. Mai ita wata Madam ce, mijinta babban ma'aikaci ne a tsohuwar gwamnati, ya rasu ya bar mata ita da 'ya'ya a makaranta. Ba ta ɓoye komai ba. Ta ce a shekarun da kayan gyara suka yi wuya, marigayin ya sa makaniki ya cire injin da motar ta zo da shi ya dasa na wata motar Japan. Ya sake kujeru da jar leda, ya shafe farin fentinta da shuɗi, ya sa mata rediyo mai kaset da faffaɗan tayoyi. Da alfahari take faɗa, don a ganinta mijinta ya yi wa motar gata.

Muhuyi ya zagaya. Ya ƙwanƙwasa ƙasan ƙofa ya ji ko tsatsa ta ci, ya sa aka tayar, ya kara kunne. Lissafinsa a fili ya yi shi, yadda ya saba.

"Ba ta ɗaukar kaya, na rage. Ba ta yin taksi, na rage. Wannan hular tata, damina ɗaya a Kwatano ta isa ta mai da ita kwale-kwale, na rage. Amma injin yaro ne, kayansa ko a gindin gada ka samu, na ƙara. Kujeru sababbi, na ƙara. Takardun kwastan cikakku, na ƙara." Ya goge hannunsa da ƙyalle. "Miliyan ɗaya da rabi."

Madam ta ce albarka sau ɗaya, don ta san haka ake yi, sannan ta sallama. Boureima bai ko nemi ragi ba. Na ga yana murmushi a ƙasan gemu, na ce a raina wannan yana da wani a hannu.

Yana da shi kuwa. Wani Anasara ne mai aiki a wata ƙungiyar agaji, da ke sayen atamfa a rumfarsa, ya taɓa ce masa in ya samu irin wannan mota zai biya ko nawa ne. Boureima ya sa aka wanke ta, aka kai ƙofar gidan mutumin. Anasara ya fito da murna, ya shafa jikinta, ya ɗaga murfin inji. Ya duba, ya mayar ya rufe a hankali, ya ce ya gode.

Ashe a wurin irinsu tsufan shi ne kuɗin. Injin asali suke so, ko yana tari. Kujerar asali suke so, ko ta yage. Duk abin da Muhuyi ya ce ya ƙara dominsa, shi ne abin da mutumin ya rage, har motar ta koma ba ta da wata daraja a idonsa. A Zongo kuma ba mai son motar da ba ta da rufin kirki.

Bayan sallar Juma'a, benci cike da mutane, Boureima ya tsaya a kan Muhuyi.

"Kai ne masani, ko? An cire wa mota ciki an cusa mata na wata, ka ce a ƙara kuɗi! Nawa matar nan ta ba ka a bayan gida?"

"Alhaji, ka ji tsoron Allah. A gabanka ta faɗi komai. Na yi maka kuɗin motar hawa."

"Wa ya ce maka hawa zan yi?"

"Ba ka ce komai ba."

"Kai ka tambaya?"

Dukansu sun san dalilin da ya hana ɗaya faɗa, ya hana ɗaya tambaya, amma ba wanda zai tsaya warware wannan a gaban jama'a. Maganar da ta bar bencin a bakin mutane ita ce ta bayan gida.

Wasu suka ba Muhuyi shawara ya koma wurin Madam a warware cinikin. Ya ƙi. Ya ce matar ba ta yi ha'inci ba, kuma kowa ya sayi rariya ya san tana zubar da ruwa. Sai ya shiga neman tsohon injin, ko za a mayar mata da shi Anasara ya dawo. Ya bi sawu har garejin makanikin a unguwar Zogbo. Makanikin ya yi dariya, ya ce ai tuni ya sayar wa masu narka ƙarfe, watakila yanzu rabin injin tukunya ce ana dafa wake a ciki.

Da ya dawo, ya shiga ɗaki ya ɗauko kuɗin da ya yi shekaru yana tarawa na zuwa Makka, waɗanda karyewar sefa ta riga ta ci rabin ƙarfinsu. Matarsa Sahadatou ta tare ƙofa.

"Malam, laifin me ka yi da za ka biya?"

"Ni na faɗi kuɗin. In kuɗin da na faɗa gaskiya ne, ya kamata in iya sayenta a haka."

"Ko tuƙi ba ka iya ba."

"Ba mota zan saya ba, Sahadatou."

Ya kai wa Boureima a gaban shaidu, bai rage ko dala ba, har da la'adar da ya karɓa. Boureima ya karɓa ya zuba aljihu, bai ce ya janye maganarsa ba, ba wanda ya ce masa ya janye. Wani direba ya kawo motar ƙofar gidan Muhuyi ya ajiye, aka lulluɓe ta da buhunan shinkafa.

Na zaci shi ke nan, bakin mutane zai mutu. Ban san Zongo ba ke nan, ni da aka haifa a cikinta. Kafin mako ya zagayo na fara jin sabuwar magana a wajen mai shayi: in ba shi da laifi, me ya sa ya biya? Wa ya taɓa ganin dillali ya mayar da kuɗi don Allah? Na yi musu har muryata ta dushe. Abin ya ƙona min rai, har yau kuma yana ƙona shi.

Ba korarsa aka yi ba. Ana gaishe shi, ana matsa masa wuri a benci. Kira ne dai ya ragu, sannan ya ɗauke. Masu saye suka koma wajen sababbin dillalai masu ɗaukar jakar hannu. Motar ce ta riƙa ciyar da gidan, in an yi biki a zo a yi hayarta a ɗauki ango, muddin ba hadari a sama. Makka kuwa bai je ba.

Shekaru bayan haka ya zo shagona neman tsohuwar taya mai sauran rai. Ina ɗaura masa ita a bayan zemijan na tambaye shi ko yana nadama. Ya gyara rigarsa.

"Duk rayuwata ciniki ɗaya na taɓa yi wa kaina," ya ce. "Na biya cif, ba a ba ni kayan ba."