Kwalin da Na Ƙi Bugawa

Akwati ɗari biyu 'ya'yan Hajiya suka nemi in tsara musu, na rabo ranar cikarta shekara da rasuwa. Kwali ne mai shimfiɗar karammiski, a ciki kwalbar humra, turaren wuta da carbi. A murfin suna son hotonta da addu'a cikin Larabci, da ruwan zinari. Ban taɓa samun aiki irinsa a Azare ba.

Da na buɗe samfurin da suka kawo, ƙamshin humrar ya buge ni, na ji kamar tana tsaye a bayana. Ita ta koya mini sana'ar turare. Wata rana da damina, muna ratsa kasuwa, ta duƙa da ciwon gwiwarta ta tsamo wata takarda mai sunan Allah daga kwata. Ta goge ta da bakin mayafi, ta ƙulle a haɓar zani.

"Ɗan nan, kwali baƙo ne," ta ce da Hausarta ta Barebari. "Turare na ƙarewa, sai bola. Kada ka ɗora masa abin da bai dace da bola ba."

Na faɗa wa babban ɗanta ba zan buga hotonta da addu'ar a kan kwali ba. Ya yi dariya. "Alhaji, kwali muka zo saya ko wa'azi?" Suka kai aikin Kano.

Na rasa cinikin, ban yi da-na-sani ba. Amma an raba akwatunan, kuma tun lokacin in zan wuce juji kau da kai nake, kada mu haɗa ido da ita a murfin wani kwali.

Allah Ya haskaka makwancinki, Hajiya, Ya suturta fuskarki a can da nan.