Kunun Gayyar da Ya Ci Yaya Tanko

Da kakar shinkafar bana Yaya Tanko ya cika shekara ashirin a ƙasa. Ni ƙanensa ne, kuma na gaji da jin ƙaryar da ake yi a kan mutuwarsa.

Lokacin ba a daɗe da yanke mana Jihar Kebbi ba. A ƙauyenmu na bakin tafki, kusa da Warra, shinkafa tsere take da ruwa: in ba a yanke ta da wuri ba, tafki ya cika ya haɗiye. Shi ya sa mai gona kan kira gayya, ya dama kunu tukunya guda. Wasu sai su daka ƙwaya su zuba a ciki, ba tare da sun faɗa wa kowa ba. Yaya Tanko bai taɓa zuwa neman ƙwaya ba, a ludayi aka miƙa masa. Ya sha, ya yi aikin mutum uku, makaɗi yana binsa da kirari, mata suna guɗa. Daga baya ya gane abin da ke cikin kunun, ya koma saye da kansa a kasuwar Yelwa.

Barci ya ƙaurace masa, ya fara zance shi kaɗai. Sai gari ya ce aljanun ruwa ne suka yi hassadar ƙarfinsa. Aljanu! Inna ta yanka baƙin akuya, aka kai shi gidan mai magani aka sa masa mari a ƙafa. Yaran da suka sha rake a hannunsa su ne masu jifarsa ta saman danga.

Abin da ba zan yafe ba shi ne wannan. Da ruwa ya fara tasowa, wani mai gona ya je ya roƙa aka kwance shi, wai aiki zai warware masa jiki. Aka ba shi kunu, aka ba shi lauje. Kafin azahar ya kife a cikin shinkafa. Suka ja shi gindin bishiya, suka rufe shi da buhu, suka koma yanka. Sai da aka gama gonar aka aiko mana.

Da zai leƙo yau, ban san me zai ce ba. Yanzu ba mai wahalar ɓoye ƙwaya a kunu. A fili 'yan acaɓa da masu jirgin ruwa ke korawa da shayi. Mai gonar nan kuwa yana nan da ransa, sahun gaba yake salla.

Abin da ya rage na Yaya Tanko ɗansa ne, Bashiru, wanda na riƙa tun yana goye. Ya tashi yana jin ana cewa ba a taɓa yin ƙarfi irin na ubansa ba, shi ma so yake a faɗi haka a kansa. Ina tsoro, wallahi, don na fara ganin idonsa yana ja. Makon jiya na zaunar da shi, na faɗa masa komai, har marin, har buhun. Ya sunkuyar da kai, na ɗauka maganar ta shige shi. Can ya ɗago kai.

"Baffa," ya ce, "wace iri ce yake sha? Ta yanzu ba ta kai mutum haka."