Maginin da Ya Zaunar da Ƙanena a Keke

Su biyar ne a gidan ƙanena: shi da matarsa, da samari biyu, sai Auta. Shekarar Auta tara a lokacin, kuma tun tana 'yar huɗu take yawo a keken guragu. Hannuwanta ƙarfi gare su, bakinta kuwa ya fi hannuwan. Bayan shekara goma sha ɗaya suna haya, ƙanena ya gama ginin gidansa: ɗakuna huɗu, falo, tayil mai sheƙi, ƙofar ƙarfe mai zanen fure. Komai ya ji, sai abu guda. Tsakanin ƙasa da ƙofar nan matakala uku ne, kuma babu ta inda Auta za ta shiga da kanta. Ba wanda ya lura sai ranar da aka kai ta ganin gidan, ta tsaya a gindin matakalar ta ce, "Baba, ni a nan waje zan riƙa kwana?"

Saura sati uku su tare. Ni na nemo musu mutumin da nake yi wa wannan jinjina, wani dattijon magini da ya taɓa yi mana aiki a makarantar da nake koyarwa. Leburorinsa suna kiransa Sai-An-Gwada, domin duk abin da ka tambaye shi, amsar ke nan.

Kullum shi ne farkon zuwa wurin aiki. Yakan iso a kan tsohon babur, da jakar kayan aiki a gaba, a baya kuma ya ɗaure wani keken guragu mai naɗewa, wanda fentinsa ya gama koɗewa. Kafin ya taɓa cokalin gini, kafin a yaga buhun siminti, keken nan yake fara saukewa, ya goge shi, ya sa masa mai. Shi kuwa da ƙafafunsa yake tafiya. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce shekara talatin da suka wuce ya gina wa wani tsoho gangaren shiga ɗaki, aka yaba, ya tafi yana jin kansa. Bayan shekara ya biyo ta wajen, ya tarar yara sun mayar da gangaren wurin sulu, tsohon kuma har yanzu ɗaukarsa ake yi kamar buhu. "Malama," ya ce, "na gina wa idona ne, ban gina wa hannunsa ba." A makon ya sayi keken a wurin masu tsofaffin ƙarafa.

Tun daga nan ya kafa dokarsa: duk wanda ya ce ga yadda gangare zai kasance, shi zai fara hawa. Shugaban makarantarmu ya hau, a gaban 'yan aji uku. Wata ma'aikaciyar jinya ta gaya mini har babban likitansu maginin ya zaunar a keken, da farar rigarsa.

Da ya zo gidan ƙanena, ya auna tsawon matakalar da tef, ya ce, "Inci ashirin. Kowane inci yana son ƙafa guda a kwance. Ƙafa ashirin ke nan, Maigida."

"Ashirin? Baba magini, hanyar keke na ce, ba titin jirgin sama ba! Ƙafa shida ta isa."

"Miƙe ba zai shiga ba, sai dai mu lanƙwasa ta can." Ya nuna wani fili a gefen dama.

"Can wurin ajiye mota ne."

Magini ya duba filin, ya duba bakin get, ya ce, "Ina motar?"

"Tana nan tafe," in ji ƙanena.

"Shekara shida ke nan tana tafe," in ji matarsa, a hankali, tana duban wani wajen.

Magini bai yi gardama ba. Ya ce, "To, sai an gwada." Ya sa aka jera katako daga bakin ƙofa zuwa ƙasa, ƙafa shida cif, aka tokare shi da bulo. Sannan ya sa leburori suka kwashe tarin yashi daga inda yake, suka zuba shi a wani wuri da ya nuna da ƙafa. Ban gane hikimar yashin ba a lokacin. Ya buɗe kekensa, ya kaɗe mazaunin da hula, ya ce, "Bismillah, Maigida."

Ƙanena ya naɗe hannun riga, ya zauna a keken. Ya tura sau ɗaya, ya tura sau biyu, jijiyoyin wuyansa suka tashi. A turawa ta uku ƙananan tayoyin gaba suka ɗaga sama, keke ya dawo da baya, ya juye shi a tsakiyar yashin nan, ƙafafu a sama, takalmi guda ya yi nasa waje. Shekara talatin ta koya wa magini inda masu gida ke sauka.

Ƙanena ya tashi yana tofar da yashi, ya ce keken ne ba shi da kyau, kuma ai akwai samari, za su riƙa tura Auta.

"In suna makaranta fa?" in ji magini. "In sun yi aure fa? Amma bari mu tambayi uwar ɗakina." Ya durƙusa a gaban Auta, da ƙyar, saboda gwiwoyinsa. "Uwar ɗakina, ke me kike so da ƙofar nan?"

Muna jiran ta ce makaranta, ko wasa. Sai ta ce, "So nake in yi fushi."

"Fushi kuma?"

"In Yaya ya yi fushi, fita yake yi ya buga ƙofa, gam! Ni kuwa in na yi fushi da shi, shi ne zai ɗauke ni ya fitar da ni. In na huce kuma sai na kira shi ya shigo da ni, har in ce na gode."

Samarin suka fashe da dariya. Uwar ta yi dariya ita ma, amma da gefen mayafi a ido. Magini kuwa ko murmushi bai yi ba, ya zaro fensir daga bayan kunne kamar an ba shi umarni daga sama.

"Wannan aiki ne babba," ya ce. "Mai fushi ba ya son gangare mai kaifi, zai kife. Yana kuma son fili shimfiɗaɗɗe a bakin ƙofa, ƙafa biyar kowane gefe, inda zai juya ya kama ƙofar. Ƙofar nan waje take buɗewa, in babu filin, ita ce za ta ture ki. Mariƙin kuma ya yi miki sama, sai mai walda ya ƙara wani a ƙasa. Tayil ba zai hau gangaren nan ba, Maigida, in aka yi ruwa santsi ne. Siminti zan zuba, in ja shi da tsintsiya tun yana ɗanye."

Ƙanena ya daɗe yana kallon filin motarsa. Can ya ce, "In motar ta zo, ta kwana a waje."

Kwana tara suka yi. Aka ja gangaren ƙafa goma, aka yi wurin hutawa, aka lanƙwasa, aka ƙara goma, da ɗan tudu a gefe don kada taya ta zame, da ƙarfen dafawa. Da ya bushe, magini ya hau da kekensa, ƙanena ya hau har sau biyu ba a ce masa ba, sannan Auta ta hau nata, ta haye ba ta ko yi haki ba.

Watan jiya na ji magini ya ajiye cokalin gini, gwiwa ta ƙi. Keken ya bar wa babban almajirinsa a sana'a, tare da dokar.

Baba magini, kai ne ka durƙusa a gaban yarinya 'yar shekara tara ka tambaye ta, alhali mu da muka haife ta, muka rene ta, muka koyar da ita, ba mu taɓa tambaya ba. Kai ne mai awo da hannun wani. Ba a rubuta sunanka a jikin ginin kowa ba, amma akwai ƙofofi da yawa da ake shiga yau ba tare da an kira kowa ba, kuma aikinka ne. Mun gode. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya sa hutu ya karɓe ka.

Ku kuma masu gini, da masu sa a yi gini, kafin ku ce "ya isa", ku nemi keke ku zauna. Ku fara tara yashi.

Sati biyu da tarewa na je gidan, na tarar ana rigima a kan tashar talabijin. Auta ta juya kekenta, ta fita, ta kama sabon mariƙin nan ta maka ƙofa har tagogi suka amsa. Uwar ta yunƙura za ta bi ta, ƙanena ya ce, "Ƙyale ta, aikin da aka yi ke nan." Ta taga muka ga ta gangara, ta zagaya tsakar gida sau uku da baki a tunzure, ta tsaya kallon tururuwa, sannan ta hawo, ta buɗe, ta shigo. Ba ta ce wa kowa na gode ba.

Ta zo kusa da ni ta ce, "Goggo, yau na gane. In gida naka ne, kai kake fita, kai kake dawowa."