Layin da Zahara'u Ta Ƙara Don Rijiyar Baba Idi

Ka taɓa ganin saƙon da ya isa lafiya amma ba a san mai shi ba? Zahara'u ta gani, kuma motopom ɗin mahaifinta, wato injin jan ruwa, ya kusa tafiya a kai.

A Madarumfa gyaran waya take yi, kusa da tasha. Da ciwon gwiwa ya fara hana mahaifin nata, Baba Idi, zuwa garkarsa, wato lambunsa na bakin tabki, sai ta haɗa 'yar na'ura mai auna ruwan rijiya. Na'urar ƙarama ce, ba ta ɗaukar manyan manhajoji, don haka da hannu Zahara'u ta rubuta buƙatar da za ta bi ta soket, wato ƙofar sadarwar intanet, zuwa ordinata, kwamfutar shagonta: layin POST, layin Host, layin tsawon saƙo, layi guda wayam, sannan awon ruwa. Ordinata kuma ta tura wa Baba a waya.

Da maƙwabcinsa Nasiru ya gani, shi ma ya roƙa. Ta sa masa irinta sak. Rijiya biyu, saƙo kama ɗaya, duk ta ordinata guda suke bi.

Ran nan waya ta ce ruwa ya cika. Baba ya aika a tada motopom, ashe rijiyar Nasiru ce ta yi magana. Ta Baba kuwa saura laka. Injin ya fara ƙauri kafin a kashe shi.

"Cire abin nan naki, 'yar nan," in ji Baba. "Mai shigowa gida bai faɗi sunansa ba, yaya zan amsa masa?"

"Baba, ai kai ma sai na ce ni ce kake ganewa."

"Ke dai muryarki har garin Gabi ana jin ta."

Ta yi dariya, amma ta san in aka cire, gwiwar nan za ta koma hanya. Ta ƙara layi guda, X-Rijiya: Idi. Karon farko ta sa shi ƙarƙashin layin wayam, ordinata ta ɗauke shi a cikin awo. Ta mayar da shi sama, bayan Host. Saƙo ya shigo da suna.

Baba ya duba waya, ya gyara zama. "To, yanzu ya yi sallama. Bar shi."

Kai ma buɗe soket, rubuta naka layin sama da wayam ɗin, ka ga ko za a gane ka.